Allon Ƙofar Kwaleji

Allo ɗaya ne ya rusa kamfanin tallar Alhaji Shu'aibu, duk Garwa ta san haka.

Shekara da shekaru, da an idar da sallar asuba zai hau moto, wato babur, ya zagaya gari yana duba allunansa: na sabulu, na taki, na man angurya. Kullum zagayen a ƙofar kwalejin da ya yi karatu yake ƙarewa. Ya gaida mai gadi, ya leƙa azuzuwa kamar ya bar wani abu a ciki. Da iskar damina ta yaye rufin aji biyu, shi ya kwaso tsofaffin tamfol na allunansa ya rufe. Yara suka rubuta jarrabawa a ƙarƙashin hoton wata mata mai murmushi da sabulu a hannu.

Allonsa mafi daraja shi ne na ƙofar kwalejin nan. Sai kamfanin da ya fi ba shi aiki ya ce a manna tallar giyar leda a kai, irin wadda yaro ke ɓoyewa a aljihun wando.

Abokin kasuwancinsa, Rostand, wanda ke kiransa Patiron, wato maigida da Faransanci, ya ce, "Patiron, allo ne fa kawai. Ba kai za ka ɗura wa yaran ba."

Alhaji ya ce, "Abin da na ɗora a sama shi yara ke nema a ƙasa. Ban da ƙofar nan."

"Za su janye komai fa."

"Su gaida gida."

Suka janye, Rostand ma ya bi su. Tsofaffin ɗaliban da yake tarawa duk shekara ya yanka musu rago, ko waya babu wanda ya buga.

Ni mahauci ne, aji uku na tsaya, ban iya zaƙin baki ba. Amma kai ne, Alhaji, ka tsare ƙofar da 'yata Mardiya ke shiga kowace safiya. Na gode, Allah ya saka. Ku da kuka ci ragon nan, ku ji kunya ku yi irin nasa.

Ya sayar da ofis da sauran allunan, ya riƙe wancan ɗaya, har yau babu komai a kai. Jiya shi da kansa ya zana min hoton kan bijimi na talla a gaban rumfata, a tsugune cikin rana.