Tabarmar Saratu

Duk wanda ya yi jinya a ƙaramar likitar unguwarmu a Tawa, wato asibitinmu, ya san Saratu, in bai san sunanta ba ya san takunta. Gajeruwa ce 'yar Galmi, mai sauri kamar an biyo ta, kuma ita kaɗai ce Kirista cikin ma'aikatan. Ni Balaraba, da nake tuyan ƙosai a bakin ƙofa, ba abin da ke wuce ni.

Kiristancin nata ya yi wa kowa rana. Ana kiran azahar sai kowa ya ɗauki butarsa, a ce wa marasa lafiya su je wajen Saratu. La'asar haka, Juma'a haka, watan azumi kuwa ba a magana. Ran Lahadi da za ta huta, zumuntar matan majami'arsu na jiran ta da tukunyar baƙi. Ita ba ta iya cewa a'a ba, mutane kuma ba su iya jin kunya ba.

Shekarar sanƙarau, 1995, ga ciwo ga yajin aiki, aka kwantar da Delu, wata tsohuwar majami'arsu. Ta riƙe hannun Saratu ta ce, "Ɗiyata, allurar ta isa hakanan. Yi mani addu'a." Saratu ta rufe ido, ba abin da ya zo mata sai sunayen magunguna da kukan yaron ɗaki na gaba. Ta ce amin ta miƙe. Kafin la'asar tsohuwar ta cika.

Da yamma Saratu ta zo ta zauna gefen murhuna, abin da ban taɓa gani ba. "Inna, aikin Ubangiji nika yi, amma na mance yadda aka yi mai magana." Ta ba ni tausayi ƙwarai, sai dai bakina ba ya shiru. Na ce, "To ke addu'arki cikin zucci take, wa ka ganin ta? Hanifa abokiyar aikinki in ta shimfiɗa tabarma, ko manjo, shugabanku, bai kiran ta."

Ran Litinin sai ga ta da sabuwar tabarma a hammata. Ta tsare aiki har masu salla suka dawo, sannan ta shimfiɗa ta gindin dogon yaro, ta cire takalmi, ta lulluɓe kai ta zauna. Aka yi ta tsokana, wai ko Saratu ta musulunta ne. Manjo Attahir, shugaban likitar, ya aika a kira ta, sai da ta gama ta je, ta ce masa, "Na tsare maku naku lokaci, ku tsare mani nawa." Kwanakin farko zaman banza take yi, in ji ta, hankalinta na ɗakin allura. Duk da haka ba ta fasa ba.

Wata rana tana zaune, wani mutumin Kalfu ya shigo da ɗansa a kafaɗa, wuyan yaron ya sandare, yana ta kiran sunanta don ita aka ce masa ya nema. Na ga ƙafarta ta fara laluben takalmi. Hanifa ta fito da gudu ta karɓi yaron, ta ce, "Zamna, wanga nau ne." Uban ya dubi matar da ke lulluɓe, ya sassauta murya, ya kewaye tabarmar ya bi Hanifa.

Saratu ta janye ƙafarta. Ta zauna har ta gama. Da ta zo wucewa za ta shiga ɗakin, idonta jawur, ta tsaya ta ce mini, "Inna, yau na samu abin hwaɗi. Yaron nan na roƙa ma, tun hwarko har amin."