Sabis Bai Kai Ɗakin Inna Ba

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba a kashe murhu da ruwa. In an sauke tuwon dare, Inna takan ja itacen baya, ta bar garwashin ya yi ta ci a hankali, ta tura gyaɗa ko ɗan dankali cikin tokar. Inna kakata ce ta wajen uwa, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Mu biyar ne yaran gidan, kuma da an idar da sallar isha'i kowa ya san wurin zamansa a bakin murhun nan. Ni nawa wurin jikin gwiwarta ne, don ta ce ni ne mijinta, ko da yake miji ne da bai taɓa kawo cefane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta kakkaɓe zaninta, ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a bakin zaure." Mu kuma mu ce, "A ce ta shigo." In ba mu amsa da ƙarfi ba sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta koma, ta ja bakinta ta yi shiru, mu yi ta roƙo. Na manta yawancin tatsuniyoyin. Ɗaya ce ta maƙale mini, ita ma ba don hankalina ba, don dai na yi cika baki a kanta ne, kuma bakin ya dawo ya same ni bayan shekara talatin.

Wai a wani gari aka kwana bakwai ana ruwa, har wutar kowane gida ta mutu, sai ta maƙera kaɗai. Garin kuwa dogo ne, in aka ɗebi garwashi a tsingaro daga maƙera, kafin a kai ƙarshen gari ya mutu. Sai aka yi dabara: gida na farko ya hura, ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, haka har a zagaye. Aka naɗa wani mutum mai ƙafa da sauri ya riƙa bi ƙofa-ƙofa yana kai wa. Duk inda ya je sai ya tsaya ya ce, "Kuna son wuta?" a ce masa e, ya ba su. Da ya isa bukkar ƙarshe, ta wata tsohuwa, ga maƙwabta a tsaitsaye suna kallo, ya ɗaga murya ya ce, "Iya, kina son wuta?" Tsohuwa ta dubi mutane, ta ce, "Ba komai, ina da ita." Shi kuwa dama ya gaji, ya ji daɗin amsar, ya juya gida. Da gari ya waye aka tarar da bukkar ba kowa, murhunta jiƙe sharkaf, sai wata tsuntsuwa a kan jinka tana rawar sanyi. Inna ta ce ita ce kurciya, shi ya sa har yau in ka saurara za ka ji tana cewa ba komai, ba komai.

Ƙanwata ta ce ai tsohuwar ce ta yi ƙarya, ita ta ja wa kanta.

"Ba ƙarya ta yi ba, kunya ta yi," in ji Inna. "Shi ina ya bar idonsa? Ya ga hayaƙi a rufin ɗakin? Ba a tambayar mai kunya, 'yan nan. Hayaƙi ake dubawa."

Na miƙe tsaye, bakina cike da gyaɗa, na ce wallahi da ni ne da na duba hayaƙin. Inna ta yi dariya har tana share ido da gefen ɗankwalinta. Ta ce, "To, maigida, Allah Ya nuna mana."

Kafin in ci gaba, sai na faɗi wani abu game da Inna da ɗanta na fari, Kawu Habibu. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da ce da ita, mai tsanani. In zai shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta shiga tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Da ya tafi Jidda tuƙin mota ya zauna can, sai ya koma "mutumin can" a bakinta. Duk wanda ya tashi a gidan ya san wannan, ya kuma san ba rashin so ba ne. Ni na fi kowa sani.

Da na yi gini a Tarauni na ɗauko ta. Filin siriri ne, gidan ya fito dogo kamar layin ɗinki: falo a gaba, sai ɗakina, sai tsakar gida da kicin da ɗan sito, can ƙurya kuma ɗakin Inna, inda ta zaɓa da kanta don ta ce ba ta son hayaniyar titi. Sabis ɗin waya ba ya shiga ɗakin nan sam. Amma muna da wata tsohuwar rauta, na'urar da ke rarraba intanet, da muka ajiye a tagar sito, a tsakiyar gida. Ba ta da ƙarfi, ko'ina kaɗan-kaɗan take kaiwa, amma dai ko'ina tana kaiwa. Kawu ya aiko wa Inna da babbar waya, matata Rabi ta koya mata inda ake dannawa. Ni dai iyakar abin da na sani, in ya kira a falo ana zaune, Inna takan ce "Lafiya lau" ba tare da ta kalli fuskar wayar ba, ta miƙa wa na kusa da ita. Sai na yanke wa kaina hukuncin cewa wayar ba ta dame ta ba.

Rautar nan ta ishe ni. Ina kallon ƙwallo sai hoto ya tsaya ɗan wasa na cikin iska, kafin ya sauko maƙwabta sun gama ihu. Na shiga bincike kamar mai neman aure, na yi mako biyu ina karance-karance a waya, har na fara yi wa abokan aiki lacca a kan abin da ake kira mesh, wato 'yan akwatuna biyu ko uku da ake rarrabawa a gida, kowanne yana karɓar intanet daga ɗan'uwansa yana miƙa wa na gaba. Ko a lokacin abin ya so ya tuna mini da wani abu, ban dai tsaya na saurara ba.

Na je wani shago a Unguwa Uku. Mai shagon, Malam Nura, mutum ne marar gaggawa. Ya ciro kwali biyu masu sauƙin kuɗi, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya akwatu uku ne a ciki, gudunsa matsakaici. Ɗayan biyu ne, amma ya fi gudu. Ya sa na zana masa gidana a bayan wani kwali, ya daɗe yana kallon zanen.

"Alhaji, gidanka dogo ne, ga bangon bulo. Gudu ba shi ne matsalarka ba, nisa ne. Ni dai mai ukun zan ba ka shawara. Wa ke kwana a nan?" Ya ɗora biro a kan ɗakin ƙurya.

"Tsohuwa ce," na ce. "Ba ruwanta da intanet."

"To. In mai biyun ka fi so, ka sa na biyun a tsakiya, inda zai ga na farko ya kuma ga ƙurya. Kada ka haɗa su wuri ɗaya, asara ce."

Na ɗauki mai biyun, don lambar da ke jikin kwalinsa ta fi girma, ni kuma ina son abin faɗi a ofis. Da na dawo gida na tarar an taru a falo, har da maƙwabciyarmu da 'ya'yanta. Ina buɗe kwali ina bayani kamar ni na ƙera, sai na juya na ɗaga murya na ce, "Inna, kina son a kai miki har ɗakinki?" A gaban mutane na tambaye ta. Ta dubi maƙwabciya, ta dubi carbinta, ta ce, "Ni me zan yi da shi? Ba komai, ku sha shagalinku." Na ji daɗin amsar, ba zan ɓoye ba. Na kafa ɗaya a falo, na kai ɗayan ɗakina kusa da talabijin, bango ɗaya ne tsakaninsu. Tsohuwar rautar kuwa na cire ta daga tagar sito na jefa a durowa.

A cikin watannin nan ne ciwon Kawu ya tsananta. Ƙoda ce, an kwantar da shi, kuma kowa ya gane ba zai iya hawa jirgi ya dawo ba. Muna kiransa a falo, Inna tana daga gefe tana jan carbi kamar ba da ita ake ba. Na lura ta rame, na ce tsufa ne.

Wata Juma'a bayan la'asar, ana yayyafi, na zagaya bayan ɗakina don in duba bututun tankin ruwa. Akwai wani ɗan lungu tsakanin bangona da kicin, inda muke tara tsofaffin bokitai, mutum ɗaya ma da ƙyar yake wucewa. Kafin in shiga na ji murya. Na leƙa, sai ga Inna zaune a kan kifaffen turmi, ta lulluɓa da buhu saboda yayyafin, ta manna kafaɗarta da bangon ɗakina, wayar a tafin hannayenta biyu dab da fuskarta. Matar da gwiwa ba ta barinta ta je bakin famfo sai da sanda. Hoton ya tsaya cak, fuskar Kawu a kumbure, bakinsa a buɗe bai ƙarasa maganar ba. Ita kuwa tana shafa gilashin da babban yatsa tana cewa, "Habibu. Habibu, kana ji na? Ka ci wani abu yau?"

Shekarata arba'in da ɗaya, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Na ja da baya a hankali kamar ɓarawo, na tsaya a tsakar gida ruwa yana dukana. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, ko ranar da aka kama ni da satar amsa a makaranta ba ta kai rabin wannan ba.

Na sami Rabi a kicin, na tambaye ta tun yaushe.

"Tun ranar da ka cire ta tagar sito," ta ce, ba ta ko ɗago daga yankan albasa ba. "Da a ɗakinta suke hira, duk Juma'a in ya tashi daga aiki, ta turo ƙofa. Sun fi shekara a haka. Yanzu a lungun nan ne kawai take samun ɗan layin sabis ɗaya, shi ma yana yankewa."

"Kuma ba za ki gaya mini ba?"

"Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Na yi ta ce maka ka mayar da ɗaya tsakiya, ka ce ni me na sani." Ta ajiye wuƙar. "Kai da ta raina, ai ka fi ni sanin ba a yi mata irin wannan tambayar a gaban mutane."

Gaskiya ta faɗa. Wata biyu cur, Juma'a takwas ko tara, ina kwance a ɗaki ina kallon ƙwallo ba ko gargada, kakata tana bayan bangon da kaina yake jingine, tana kalen abin da ya tsallake.

Gyaran bai ci mini ko sisi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na zare akwatun ɗakina, na kai shi tagar sito, daidai tsakiyar da Malam Nura ya ce a sa shi. Na tsaya a ƙofar Inna da wayata, sabis ya cika taf. Tana zaune a kan darduma, ta canza zani, kamar ba ita ce a lungu ɗazu ba. Ta bi wayar lantarkin da nake ja da ido.

"Wannan kuma mene ne? Na ce ina so?"

"Ban tambaye ki ba, Inna."

Ta dube ni. Na ga ta gane na gani, na kuma ga ba za ta taɓa ɗaga maganar ba har abada. Can sai ta ce, "Maigida, ashe idon yana nan. Nauyi dai gare shi." Ta koma kan carbinta.

Juma'a uku ta samu. Duk ranar, da la'asar ta yi, sai mu ji ta turo ƙofa, Rabi ta kwashe yara ta yi falo da su, ni kuma in kashe talabijin ko da ba ya rage mata komai. A mako na huɗu aka kira mu da safe aka ce Kawu ya cika. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Masu gaisuwa suna ta shigowa tana cewa haƙuri sai ma'aiki, ba komai.

Har ta rasu bara ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ina yaro na ɗauka laifin mutumin tatsuniyar nan rashin lura ne. Yanzu na san ya fi haka, don ni ma na yi: ya san amsar da kunya za ta bayar, ya yi tambayar ne don ya samu ya koma gida da wuri. Akwatun yana nan a tagar sito, ɗakin ƙurya kuma ba kowa a ciki, sabis ya cika shi har ƙofa. A ɗakina ne yanzu hoto ke tsayawa in ana ƙwallo. Rabi ta ce in mayar da shi tunda ba mai amfani da na can, na ce a bar shi. Wani lokaci da hantsi kurciya takan sauka a kan tankin ruwa ta yi ta kukanta, in ina gida sai in tashi in shige ɗaki.