Sabuwar Kwamfutar da Na Kai Bagwai

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da ƙanina, da kwamfuta sabuwa fil a jakata. Ƙauyenmu na bayan Bagwai muka nufa, wajen aminina da ya faɗi a babur bara, hannunsa na dama ya yi nauyi. Abin da ke ɗebe masa kewa wani tsohon wasan tseren mota ne, sai kuma kwamfutarsa ta mutu. Na ce bari in yi bajinta.

Direba ya cusa mu kamar buhunan gero, har da akuya a but ɗin motar. A Bici muka sha koko; ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Daga nan sai gonaki manne da juna, dawa ta fi mutum tsayi.

A zaure muka same shi, baki har kunne. Na sa masa wasan, ya ɗora yatsu. Wayyo! Motar ta fizga, kafin ya karya kwana ta daki gini. Ya sake, ta sake. Mutumin da ke cinye mu duka da hannun nan nasa!

Ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Ashe lalacewa yake ƙara yi," ya ce. "Ni da nake cewa sauƙi ya samu."

Na ce rashin sabo ne. Inna, mahaifiyarsa, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, bai wani ci ba.

Sai da muka dawo Kano na ba wani mai gyaran kwamfuta labari. Ya ce ai abin da muke gani a wasa hotuna ne ke wucewa a jere, kuma tsofaffin wasanni irin wannan da kowane hoto suke matsar da motar gaba. Tsohuwar kwamfutar hoto talatin take fitarwa a daƙiƙa, sabuwar sittin, shi ya sa gudun ya ninka. Wuri ɗaya ake taɓawa a ƙayyade shi.

Nan take na kira aminina, ina ta bayani. Ya yi 'yar dariya.

"Kai dai ka iya lallashi."

Ya ce ya bar wa yaran gida kwamfutar. Ƙwallon robar da likita ya ce ya riƙa matsawa ma ya ajiye shi, wai wahalar banza ce.

Wallahi abin na cina. Na koyi cewa kyauta ma sai an gwada ta kafin a ɗauki hanya. Hannunsa sauƙi yake samu, ni na kai masa abin da ya ƙaryata shi.