Ƙyallen Tace Gasara

A gidanmu na Yasore komai da tsarinsa. Bayan sallar isha'i a ci tuwo, a rufe ragowar don ɗumamen safe, a jiƙa geron koko, sannan mu kewaye Kaka a bakin murhu. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya wanke hannu.

A shekarar da nake magana haƙoranta sun zube, da koko kaɗai take iya karyawa. Mai dama shi kuwa Rabi ce, matar Baffa Sani, ƙanen babanmu. Sai kawai Kaka ta daina sha. A kawo mata kwano, ta ce a ba yara. Ta riƙa zama da yunwa har azahar. Baffa ya ce zai kai ta asibiti Batsari, ta ce lafiyarta ƙalau.

Ran nan muna zaune, Rabi na gefe tana wanke-wanke, Kaka ta ce, "Ga wata tatsuniya ta iso, wa zai ba ta wurin zama?" Muka ce mu ne.

Wai wata mai koko ce da ta yi suna har ƙauyukan kewaye, amma ƙyallenta ɗaya. Da asuba ta tace gasara da shi. Da hantsi ta share majinar ɗanta. Da rana ta goge gumin hammata. Da la'asar ta ɗaure gyambon akuya. In dare ya yi ta shimfiɗa wa jariri. Gari na wayewa ta kakkaɓe, ta sake tacewa. Masu saye suna ta yabon kokon, wai yana da yauƙi, yana wucewa a maƙogwaro.

Ƙanena Audu ya toshe baki. "Kaka, tuwona zai dawo."

"Riƙe abinka, maigida, babu wani sai gobe."

Dauɗa ta yi ta taruwa har ƙyallen ya sandare. Ranar kasuwa ya miƙe da kansa, ƙudaje na biye, ya shiga rumfa-rumfa yana gaida mutane da sunayensu. "Malam, ba ka gane ni ba? Ai kullum da ni kake karyawa." Kasuwa ta watse da amai, ba a sake sayen kokon matar ba.

Babu wanda ya yi dariya. Ƙarar kwanoni ma ta tsaya. Sai a lokacin na tuna na sha ganin Rabi ta jawo ƙyallen tace gasara daga igiya ta goge hancin ɗanta, ta mayar.

Da asuba ƙaurin tsumma mai ƙonewa ya tashe ni. Rabi ta jefa tsohon ƙyallen a wuta, ta yanko sabon farin yadi daga akwatinta, ta tafasa shi, ta tace gasara. Ta durƙusa gaban Kaka.

"Inna, ga koko."

Kaka ta dubi kwanon, ta dube ta, ta shanye tas. "Tsaminsa ya yi daidai. Allah ya yi miki albarka."

Na girma, na je aikin hajji, na ga masu karyawa da gurasa da wake, da masu shinkafa, da masu shayi zalla. Ban ƙi abincin kowa ba, hannu da tsumma nake duba. Na daɗe ina ɗaukar cewa tsabta ce kaɗai darasin. Shi ya sa in na ga ƙazanta a madafar matan 'ya'yana nake faɗa nan take, a gaban kowa. Sun gyara kuwa. Amma kokona yara suke ba wa su kawo mini, su ajiye a bakin ƙofa. Kaka ta yarda ta yi yunwa don kada ta kunyata surukarta, kuma har ta rasu Rabi ce ke durƙusawa ta miƙa mata kwano da hannunta.