Malam Audu da Allon Gangaren Maɗaci

Ina kan babur zan tafi garin Shabu sai ƙanwata ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, sun sassare Malam Audu a gindin allon sunan unguwa." Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ga hannunsa na dama, wanda ya koya mini riƙe fensir, a tsage har ƙashi.

Malam Audu shi ya koyar da mu a firamaren Gangaren Maɗaci, unguwarmu da ke bayan garin Lafia. Da ya yi ritaya sai ya bi tsofaffi gida-gida yana tambayar asalin sunan wurin. Suka shaida masa mutum biyu ne suka fara sare dajin, Musulmi ɗan ƙasa da Kirista da ya hauro daga Binuwai. A inuwar wani maɗaci suke hutawa tare, kuma suka ƙi sa wa wurin sunan ɗayansu. Malam ya zana bishiyar a allon ƙarfe, ya rubuta sunan, ya kafa a bakin titi. Yakan ce, "Ni ban ƙirƙiri komai ba, abin da tsofaffi suka faɗa na rubuta."

Da filaye suka yi daraja, kowane ɓangare, Musulmi da Kirista, ya kafe sai an sa wa unguwar sunan kakansa. Sau biyu ana watsa wa allon baƙin mai, Malam yana wankewa. Da na roƙe shi ya haƙura, cewa ya yi, "In na bari, ƙarya za ku koya wa yara."

Ranar Talata da hantsi samari suka zo da adduna. Mama Ladi mai sayar da doya a wurin ta gaya mini Malam ya rungume ƙarfen, ya kira ɗayansu da suna: "Ɗanjuma, ni na koya maka rubuta sunan unguwar nan." Ɗanjuman ne ya fara kai sara. Suka same shi a kafaɗa da wuya, suka tumɓuke allon suka jefa a kwalbati. Mama Ladi ta yage zaninta ta ɗaure raunin, jini ya ƙi tsayawa.

Ni da Ɗanjuma benci ɗaya muka zauna a ajin Malam. Yanzu yana hannun hukuma.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓe shi cikin shahidai. Matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa, Allah Ya ba ku juriya, Ya tsaya muku. Mu da ya koyar, Allah Ya shirye mu. Amin.