Dutsen Niƙan Kakata

Duk sanda injin niƙan bayan gidanmu ya tashi, kakata nake tunawa. Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kada ki gyara mini.

A wani ƙauye kusa da Sabuwa na tashi. Kakata Bagwariya ce, aure ya kawo ta cikin Hausawa. Bayan girbi, in sabuwar dawa ta shigo, sai ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ni ina zuba mata tsaba. Ƙamshin gari na tashi, gumi na bin wuyanta, tana waƙa da yarensu, ina amsawa. Babanmu ba ya so. "Inna, ki bar koya wa yarinya wannan abin." Sai ta yi shiru har ya fita, ta ƙyafta mini ido, mu ci gaba. Ban san ma'anar rabinta ba, amma har yau ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Ɗan farina ya yi boko har ya zama farfesa. An ce aikinsa bin harsunan duniya, yana duba yadda kowanne ke ƙera kalmominsa, da wanda ya yi kama da wani. Ya je ƙasashen da ban iya faɗin sunansu, ya zauna gaban tsofaffin wasu. Malam, mahaifinsa, ya sha ce masa, "Ga uwarka nan da waƙa a baki, ka zo ka ɗauka." Kullum sai yaron ya ce sai in an yi hutu.

Bana Malam ya rasu, nan Ƙanƙara. Allah ya jiƙansa, har yanzu ban iya kallon buzunsa. Yaron ya zo, aka yi addu'a, ya koma. Ina cikin takaba, ko kwalli ban sa, sai ga ɗalibinsa, ƙaton baƙo, ya sauka daga babur da na'urar ɗaukar murya. Wai Farfesa ya ce in rera, sannan in faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Waƙa! Cikin takaba! Ta bayan labule na ce a ba shi ruwa ya kama hanya.

Sai ga wayar Farfesa. "Hajiya, tsoro nake ji kada waƙar ta..."

"Kada in bi ubanka ba ka ɗauka ba, ko? Ƙarasa mana!"

Waƙar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, sai da mai amshi. Yau kowa inji yake kaiwa, dutsen kakata da na gada na gindin rumbu kaji na hawa. Da na fita takaba na wanke shi. Ranar da ɗan nawa ya zo da ƙafarsa, ya durƙusa ya zuba mini tsaba ya amsa, zan rera. In bai zo ba, ni da waƙar kabari ɗaya.