Turakun Tafkin Gidimuni

A shekarun farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙi fidda kai, ina koyarwa a wata lekwal a Dogo. Tana cikin wasu ƴan makarantu da aka haɗa don koya wa yara aiki da ordinata, wato kwamfuta. Kowace an ba ta ordinata ɗaya da faifan hasken rana. Ba mu da intanet, sai dai a ƙarshen wata kowace lekwal ta zuba labarinta a kile, ɗan ƙarfen nan mai tsawon yatsa, ta aika Damagaram. Can ake haɗa labaran a maido wa kowa. Namu direban motar kasuwa ke kawowa, naɗe cikin ƙyalle.

Yawancin labaran ba su wuce jerin darussa da hotunan yara tsaye ƙiƙam ba. Ran nan muka buɗe na Gidimuni, sai ga ruwa. Mushen can, wato malamin lekwal ɗin, wani dattijo, shi ya ɗauki bidiyon tafkinsu da waya. Ba kowa a ciki. Ruwa ne shimfiɗe, inuwar dabino na rawa a kansa, wata balbela ta gitta. Yara suka saki baki suna kallo. Ni kaina na manta da allin da ke hannuna. Ji nake kamar sanyin na fitowa ta gilashin yana taɓa mini fuska. Sau bakwai muka maimaita.

Sai a ƙarshe muryarsa ta fito a hankali: "Mun kafa turke a bakin ruwa. Wata mai zuwa za mu kafa wani. Ku taya mu lissafin tazarar."

Haka aka yi ta yi. Kowane wata ga sabon turke, ga ruwa ya ja baya, tsohon turken na tsaye cikin busasshen taɓo. Yaransa su auna da taku, namu su mayar mita. A lokacin ajina ma raguwa yake. Iyaye na kwashe ƴaƴansu suna yin kudu neman abinci. Waɗanda suka rage kuwa, da ganin kile sai su matso, su ƙura ido ba mai ƙiftawa. Wata ɗaliba ta ce mini ta yi mafarkin tafkin ya taso da ƙafafunsa ya zo bayan lekwal ya kwanta.

A wata na biyar na nemi lambarsa na kira shi.

"Baba, don Allah ka sake aiko mana na farkon. Yaran nan sun ga bushewa ta ishe su."

Ina jin kukan tsuntsaye ta bayansa.

"Madam, in na aiko tsoho, ran da ruwa ya dawo ba za su yarda ba."

Na ji haushinsa kwana biyu, sannan na buɗe sabon na nuna musu.

Damina ta zo a makare, muna hutu. Da aka koma, kilen farko ya nuna turaku uku sun nutse, na huɗu kansa kaɗai ake gani. Yara suka ɗauko alluna suka fara lissafin da baya.

Bayan shekara biyu hanya ta bi da ni Gidimuni. Na tambayi gidansa, matarsa ta ce ya yi ritaya, ya tafi Mirriya gaida ƙanwarsa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo dabino a faifai. Muka zauna muna hirar tsadar albasa har direba ya fara danna oda.